Maganin toshewar hanci a Indiyana: me ya sa ba za a aiko min da shi gida ba?

Abban Sadiq, Indiyana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan, musamman ma'aikatan lafiya, domin wani abu ya same ni makon jiya wanda har yanzu bai bar raina ba.

Shekarata shida a jihar Indiyana, a wani ƙaramin gari mai nisan awa ɗaya da rabi a mota daga Indiyanafolis. Aikin dare nake yi a masana'antar haɗa kayan mota, in shiga ƙarfe goma in fito shida na safe. Iyalina bara suka iso, uwargida da yara uku. Tun zuwanta ba ta taɓa kuka da komai ba sai da watan Agusta ya raba. Akwai wata ciyawa a nan da suke kira ragwid, in ta fara sakin ƙurarta ko ba ka gan ta ba hancinka zai gaya maka. Maman Sadiq takan tashi da asuba idanu jajur, atishawa goma a jere, hanci a toshe kamar an cusa auduga, da baki take numfashi har leɓenta ya tsattsage. Sadiq ma, ɗan shekara 15, ya gado ta.

Wani abokin aikina ya ce in nemi Claritin-D, mai D ɗin nan a ƙarshe, wanda ba a ajiye shi a fili sai ka je wurin mai ba da magani ka tambaya. Na je, suka karɓi lasin tuƙina, suka haska shi da na'ura, na sa hannu, suka ba ni kwali mai ƙwaya 15. Wallahi kamar an zare mata ƙaya. Daren nan ta yi barci da baki a rufe. Ranar 3 ga wata ke nan. Su biyu suna sha, kwalin bai yi kwana goma ba ya ƙare, suka ɗan daure, ranar 17 na sake sayen wani.

Ranar 26 na taso daga aiki, ni kaina mura ta kama ni, na tsaya a kantin da zarar sun buɗe sashen magani. Yarinyar da ke wurin ta haska lasina, na'urar ta yi wani ƙara, ta sake haskawa. Sai ta ɗago ta ce ba za ta iya sayar min ba, na kai iyaka. Ta miƙo min wata 'yar takarda mai lambobi, ta mayar da kwalin bayanta. Mutum huɗu ne a layi bayana, har da wata tsohuwa da muke gaisawa a unguwa. Ban taɓa sata ba, sigari ma ban taɓa sa wa a bakina ba, amma na fito daga kantin nan ina jin kamar an kama ni da hannu dumu-dumu. A mota na zauna kusan minti goma ban tayar ba.

Da na koma gida na ce to, tunda komai ana yin odarsa ta intanet a ƙasar nan, daga shinkafa har katifa, bari in yi oda. Shago na farko ba ya sayar da irinsa ta intanet sam. Na biyu ya ce in biya amma sai na je da kaina da katin shaida na karɓa, ka ga an koma gidan jiya. Na uku wani shafi ne da ban san ƙasar da yake ba, ya ce zai aiko min da ƙwaya 200 ba tambaya ba komai. Ban biya ba, zuciyata ba ta kwanta ba. Shi kuma ƙanena da ke Kano da na ba shi labari ya ce, "Yaya, wannan ai a kemis ɗin bakin layinmu zan saya maka, in aiko ta kamfanin aika kaya."

To tambayata ita ce: wace doka ce ta hana a aiko wa mutum maganin mura gidansa? Ta jiha ce ko ta tarayya? In na karɓi na Kano ko na shafin nan, laifi ne? Kuma yaya mai iyali zai yi, tunda ni kaɗai nake saya wa mutum uku?

Maman Ilham, Minesota

Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Sannu, Allah Ya ba Maman Sadiq da yaron lafiya. Ni mai harhaɗa magunguna ce, shekarata goma sha ɗaya ina tsaye a bayan irin kantar da aka mayar da kai, don haka na san fuskar da ka yi, na gan ta sau da yawa. Ka fara cire wa ranka cewa yarinyar ta zarge ka. Ba ita ta yanke hukunci ba, kwamfuta ce, kuma da ta tsallake ta sayar maka ita ce za ta shiga uku.

Abin da ke cikin wannan D ɗin sunansa sudoefedrin. Shi ne ke cikin Sudafed na asali, da Zyrtec-D, Allegra-D, Mucinex D. Yana matse jijiyoyin jinin cikin hanci, kumburin ya sauka, iska ta wuce. Matsalarsa ɗaya ce: tsakaninsa da metamfetamin, ƙwayar da ake kira met ko ais, tazarar kaɗan ce ƙwarai a wajen masu ilimin sinadarai. Shekarun baya mutane sun riƙa kwasar kwalaye a kantuna suna dafawa a gareji, a ɗakin otal, a bayan mota.

Doka biyu ce a kanka, ɗaya bisa ɗaya. Ta tarayya ita ce wadda majalisa ta yi, Shugaba Bush ya sa mata hannu a watan Maris 2006. Ita ta ce a ɗauke maganin daga inda hannu ke kaiwa, mai saye ya nuna katin shaida mai hoto, ya sa hannu a rajista, a ajiye rajistar shekara biyu. Ta ƙayyade giram 3.6 a rana, giram 9 a kwana 30. Ga wanda za a aika wa ta gidan waya kuwa aka rage zuwa giram 7.5 a kwana 30, kuma dole mai sayarwa ya tabbatar da ko wane ne kai kafin ya aika, ya yi rajista da hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya riƙa kai mata rahoto. Ka ga ke nan tarayya ba ta haramta aikawa ba, ta dai ɗaure ta da igiya.

Jihohi su ne suka ƙara ɗaurin. Kowace ta yi tata, kuma an bar musu damar su fi tarayya tsanani. Taku ta Indiyana giram 7.2 ce a kwana 30, sannan giram 61.2 a shekara. Mu nan Minesota giram 6 ne. Yanzu ɗauki biro: kowace ƙwayar Claritin-D ta awa 24 miligiram 240 ce. Sau 15, giram 3.6 cif. Kwali biyu, 7.2. Ranar 17 ka cike ma'auninka, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage maka ba. An yanka iyakar ne daidai da mutum ɗaya mai shan ƙwaya ɗaya kullum, ba a yi lissafin uba mai saya wa gida ba. Kuma in ka raba 61.2 da 7.2 za ka ga wata takwas da rabi ne, wato ko mutum ɗaya ba zai sha shekara cur ba tare da ganin likita ba.

Abin da ya kama ka kuwa wani rumbun bayanai ne da ake kira NPLEx, wanda jihohi fiye da talatin suka wajabta. Kafin a miƙa maka kwali sai an shigar da sunanka, shi kuma nan take ya duba duk inda ka saya, ko a wani kanti, ko a wata jihar da ke cikin tsarin. Kamfanonin maganin ne da kansu ke biyan kuɗinsa, don sun gwammace haka da a ce sai da takardar likita.

To ka sa kanka a matsayin mai shagon intanet. Wannan jiha ta ce sai ɗan shekara 18. Waccan ta ce sai mai harhaɗa magani ko mataimakinsa ne zai miƙa da hannunsa, kamar yadda Oklahoma ta fara yi a 2004. Wata ta ce a ga fuska a gwada da hoto, a sa hannu. Wata giram 6, wata 7.2, wata tana da iyakar shekara. Indiyana ma a 2016 ta ƙara da cewa in ba a san ka a kantin ba, mai harhaɗa maganin yana da ikon ya yi maka tambayoyi, ya ba ka ƙaramin kwali ko irin wanda ke da wuyar dafawa, ko ya ce ka kawo takardar likita. Ta yaya ɗan aike zai cika waɗannan a bakin ƙofarka? Ribar kwalin dala ashirin ba ta kai haɗarin rasa lasisi ba, shi ya sa yawancin shagunan kirki suka ce ka zo da ƙafarka.

Shafi na uku da ka gani, don Allah rufe shi. Duk wanda ya ce zai aiko maka da ƙwaya 200 ba tare da ya nemi shaidarka ba ya riga ya gaya maka cewa ba ya bin doka. Ba ka san abin da ke cikin ƙwayar ba, kuma sunanka da adireshinka ne a jikin kunshin. Na Kano ma haka. Dokar tarayya ta ambaci shigo da shi ta gidan waya ko kamfanin aika kaya ƙarara, ta sa masa iyakar 7.5, kuma yana shiga cikin lissafin watanka, ba ƙari ba ne a kansa. Kai kuwa ka riga ka cike na jiharka.

Mafita tana nan, kuma ba ta da wuya. Maman Sadiq baliga ce, tana da nata kason. Katinta na zama ɗan ƙasa na dindindin shaida ce ta gwamnatin tarayya mai hoto, ta je da shi. Amma ya fi sauƙi ku nema mata katin shaida na jiha a ofishin da ke ba da lasin tuƙi, ba sai ta iya mota ba, don shi na'urar ke karantawa ba gardama. Sadiq kuwa ku kai shi wurin likita. Abin da likita ya rubuta ba ya shiga wannan lissafi, kuma da takardar likita kantin magani mai lasisi zai iya aiko muku har gida.

Alhaji na Buronks

Salamu alaikum. Yarona, ka ji maganar Hajiya, ka riƙe ta da hannu biyu. Ni daga zangon Kumasi na zo Niyok, shekara ashirin da shida ina jan tasi kafin gwiwa ta zaunar da ni. Abu ɗaya zan ƙara.

Akwai wani ɗan'uwa a masallacinmu, mutumin kirki, 'yar'uwarsa ta haɗo masa kaya daga gida: yaji, kuka, daddawa, man kaɗanya, sai ta cusa magunguna a tsakiya don ta ga a can suna da tsada. Kunshin ya iso an farke shi an sake liƙewa da tef ɗin kwastan, magungunan babu, sai takarda a madadinsu. Ba a kama shi ba, amma lokacin yana jiran a kira shi ganawar zama ɗan ƙasa. Na ga yadda mutumin nan ya rame a wata biyu, ya biya lauya kuɗin da ya fi kuɗin maganin sau ɗari don kawai a gaya masa matsayinsa. Mu baƙi ba mu da fatar da za mu yi wasa da irin wannan. Ɗan ƙasa in ya yi kuskure tara zai biya ya koma gida, kai kuwa duk abin da aka rubuta a kanka da ya shafi ƙwaya zai iya biyo ka har ranar da kake neman takarda.

Kuma kada ka roƙi abokin aiki ya saya maka da lasinsa. Na san zuciya za ta raya maka haka, mu mutanen taimakon juna ne. Amma irin wannan ne ainihin abin da 'yan sandansu ke farauta, mutum ya tara mutane kowa ya sayo masa kwali.

Kafin ku ga likita, a tafasa ruwa a zuba a roba, a jefa citta da kanumfari da ɗan na'a-na'a, ta lulluɓa da bargo ta yi sirace. Ba zai warkar ba, amma za ta samu ta yi sallar asuba da numfashi. Allah Ya sawwaƙe.

Ɗan Damagaram, Girinsboro

Malam Abban Sadiq, ni ina tare da kai a ɓacin ran, kuma da izinin Hajiya da Baba Alhaji zan faɗi abin da ke raina. Shawararsu daidai ce, ka bi ta. Amma dokar kanta, a ganina, ta tsufa.

Ni direban kamyo ne, ina ratsa jiha goma a mako. Na san Indiyana, na san abin da ya sa suka tsaurara. A 2013 wuraren dafa met da 'yan sanda suka gano a jihar sun kai kimanin 1,800, babu jihar da ta kai ta a shekarar. A gorar lemo ake haɗawa, a girgiza, wani lokaci ta fashe a hannun mutum da yara a ɗaki. Ban musa wannan ba. Amma yau fa? Met ɗin da ke kashe mutane a ƙasar nan daga Meziko yake shigowa, daga manyan masana'antu. Meziko ta hana sudoefedrin tun 2008, sai masu safarar suka koma wata hanyar haɗawa da ba ta buƙatarsa ko kaɗan. Kayan ya ƙara yawa, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara araha. Wa zai tsaya tara kwalayen maganin mura alhali ga shi a titi da rahusa?

Ku dubi Oregon. Tun 2006 ta ce ba mai samun maganin nan sai da ordonas ɗin likita. Misisipi ta bi ta a 2010. Su biyun nan su ne suka fi kowa tsanani a Amurka, kuma su biyun duka suka janye, daga 1 ga Janairu 2022 aka koma saye da katin shaida. Da abin yana aiki yadda aka ce, da ba su saki ba.

Kuma wa ke shan wahalar? Ba mai kuɗi da ke da likitan iyali da farmasi a ƙofar gida ba. Mai aikin dare ne, da tsohuwar da ba ta tuƙi, da mutumin ƙauyen da farmasi ɗaya tilo ta garinsu ta rufe. Su ne oda ta intanet za ta fi amfana, su ne aka toshe wa. A jihar taka ma a 2009 an taɓa zuwa har gida aka kama wata kaka da ankwa, saboda ta saya wa mijinta kwali ɗaya, ta saya wa 'yarta wani a cikin mako guda, ta wuce iyakar lokacin da abin da bai kai giram ɗaya ba. Jaridu sun ɗauki labarin ko'ina.

Ni banki ya yarda in buɗe asusu da wayata, in ɗauki hoton lasina da fuskata ya tabbatar ni ne. In ana iya wannan don kuɗi, me zai hana a yi don maganin hanci, a shigar da shi cikin rumbun nasu, a aiko? Iyakar tana nan, rajistar tana nan, abin da ya ragu kawai shi ne tafiyar.

Yaya Binta, Kano

Ni ba a Amurka nake ba, ɗana ne ke karatu a can shi ya sa nake leƙo zauren nan. Ban san dokokinku ba, amma maganar Ɗan Damagaram ta sa na kasa yin shiru.

Mu nan mun ga abin da ke faruwa idan aka bar maganin mura da tari ba mai tsaro. Kodin ma ai maganin tari ne. Haka ya fara, kwalba ɗaya a kemis, ba takarda ba tambaya. Kafin mu farga ya shiga ɗakunan matan aure, ya shiga makarantun 'yan mata. Ƙanwar mijina, yarinya mai haddar izu talatin, a ƙarƙashin gadonta muka kwashe kwalabe cike da buhun shinkafa, babu ko ɗigo a ciki. Ranar uwarta ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa tana kallon buhun. Sai a watan Mayu 2018, bayan BBC ta nuna wa duniya abin da mu muka daɗe muna gani a Kano, gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. Da an tsaurara shekara goma kafin nan, da yara nawa aka tsirar?

Ita ma wannan ais ɗin ba ta tsaya a Amurka ba. A 2016 hukumar NDLEA ta kama wata babbar masana'antarta a Asaba, har da 'yan Meziko huɗu a ciki. Yanzu sunanta ya fara yawo a bakin samarin unguwanninmu.

Abban Sadiq, na ji zafin kunyar da ka ji, ba daɗi. Amma ni da a ce mai kemis ɗin unguwarmu ya taɓa ce wa yarinyar nan "kin kai iyaka", da har gida zan je in yi masa godiya. Kuma ka gaya wa ƙanenka ya bar maganar aikowa, kada ya ja wa kansa shi ma a wajen 'yan NDLEA na filin jirgi.

Maman Ilham, Minesota

Yaya Binta, Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Ɗan Damagaram, abin da ka faɗa game da Meziko gaskiya ne, ban da ja. Inda na rabu da kai shi ne, wuraren dafawa na cikin gida sun ragu ƙwarai, kuma ba wanda zai iya rantsuwa ko doka ce ta kashe su ko arahar na waje, wataƙila duka biyun. Oregon da Misisipi ma ai ba sakin layi suka yi ba, takardar likita suka cire, suka koma katin shaida da rumbun NPLEx. Game da tabbatar da mutum ta waya, ina ganin za a kai can. Abin da ke ba 'yan majalisun jihohi tsoro shi ne mutum ɗaya ya tara lasin mutum ashirin a ɗaki yana oda, abin da ba zai iya ba in dole sai fuska ta bayyana.

Amma na dawo ne don wani abu da ya fi dokar muhimmanci a wurina. Abban Sadiq, an taɓa auna jinin Maman Sadiq tun da ta fara sha? Sudoefedrin ba hanci kaɗai yake matsewa ba, yana iya ɗaga hawan jini, ya sa bugun zuciya da rashin barci. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko mai juna biyu, bai kamata ya sha ba sai likita ya sani. Faransa ma tun Disamba 2024 ta mayar da shi sai da takardar likita, kuma ba don met ba, don haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya ga wasu, duk da ba kasafai yake faruwa ba. Ba magani ne na sha kullum wata da watanni ba.

Ga mai alajin ragwid, abin fesawa a hanci irin Flonase ya fi dacewa. A fili yake a kanti, ba a neman kati, ana aiko shi ta intanet, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ya kankama, don haka a fara shi tun kafin lokacin ya shigo. A haɗa da Claritin ko Zyrtec marar D, da wanke hanci da ruwan gishiri, amma ruwan ya zama tafasasshe da ya huce, ba na famfo kai tsaye ba. Afrin, wani feshin na daban, yana buɗe hanci nan take, amma kada a wuce kwana uku, in ba haka ba hancin zai toshe fiye da da.

Sannan kada ka ɓata kuɗinka a kan masu PE a jiki da ke jere a fili. Fenilefrin ne a ciki, shi kamfanoni suka sa a madadin wancan bayan dokar 2006. A watan Satumba 2023 kwamitin masana na hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka, su 16, gaba ɗayansu suka ce wanda ake haɗiya ba ya buɗe hanci, kuma a Nuwamba 2024 hukumar ta gabatar da shirin cire shi. Shekara kusan ashirin mutane suna saye.

Abban Sadiq, Indiyana

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da labari, ba da godiya kaɗai ba.

Na kira ƙanena na ce ya bari. Shafin nan ma na goge shi. Ranar Talata na hana idona barci bayan aiki, na kai Maman Sadiq da Sadiq asibitin unguwa. Hajiya, Allah Ya yi miki albarka da tambayar nan da kika yi. Da aka ɗaura mata abin awo, 152 bisa 96. Aka bar ta ta huta aka sake, bai sauka sosai ba. Ita da ba ta taɓa sanin tana da hawan jini ba, mahaifiyarta kuma shi ne ajalinta. Likitar ta ce ta ajiye mai D ɗin nan daga yau, ta rubuta mata abin fesawa, ta ce mu sayi na'urar awo mu riƙa rubutawa safe da yamma, mu dawo bayan mako biyu a ga ko maganin ne ya ɗaga shi ko dama yana nan. Jikina ya yi sanyi a wurin, don ni ne nake ɓare ƙwayar nan ina miƙa mata da ruwa kafin in fita aiki, kuma da na'urar ba ta tsayar da ni ba da kwali na uku na kawo.

Duk da haka, Ɗan Damagaram, ban sauka daga maganarka gaba ɗaya ba. Kantin maganin garinmu ɗaya ne, ranar Lahadi ƙarfe biyar yake rufewa, kuma maƙwabciyata tsohuwar nan da ta gan ni a layi ba ta tuƙi da daddare, 'yarta ce ke zuwa daga wani gari ta kai ta. Na nemo sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu, ina so in rubuta masa a kan iyaye masu saya wa yaran da ba su kai 18 ba, ko za a ware wa yaro nasa kason a ƙarƙashin sunan uba. In akwai wanda ya taɓa rubuta irin wannan wasiƙa a cikinku, ya taimaka min da yadda ake farawa.

Sadiq an rubuta masa nasa, na kwana goma kacal, sauran kuma feshi. Mun cike takardar katin shaidar Maman Sadiq, saura shaidar adireshi ta biyu, muna jiran takardar wutar lantarki ta wannan wata da na sa aka ƙara sunanta. Awon safiyar yau 138 bisa 88.